Wane fim za a kalla a gida Asabar da Lahadi, wanda zai ƙare a zama ɗaya?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema kafin Juma'a. Surukata ta zo daga Funtuwa za ta yi mana mako guda, maigida ba ya fita ƙarshen makon nan, yara kuma suna hutu. So nake mu zauna gaba ɗayanmu a falo mu kalli fim. Sharaɗina biyu ne. Na farko, ya zama wanda ba sai na riƙe rimot ina gadin wurin da zan tsallake ba. Na biyu, ya ƙare a zama ɗaya. Don Allah kada wanda ya ce in fara mai dogon zango, Hajiya za ta koma gida ba ta ga ƙarshe ba, ta dinga bugo mini waya tana tambayar wa ya auri wa.

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam Anti. Ai da sharaɗinki na biyu kin kori 'yan Kannywood kaf daga falonki. Wa yake yin fim mai ƙarewa yanzu? Labarina tun 2020 ake tafiya, Izzar So ma haka, Daɗin Kowa kuwa yaran da aka haifa lokacin da ya fara sun kusa gama firamare.

Malamin Makaranta: Hajiya, ki nemi Children of Heaven. Na Iran ne, Majid Majidi ya yi shi a 1997, bai kai awa ɗaya da rabi ba. Yaro ne ya kai takalmin ƙanwarsa gyara, a hanyar dawowa takalmin ya ɓace. Sun san mahaifinsu ba shi da kuɗin wani, sai suka ɓoye maganar, suka koma raba takalmin yaron: ita ta sa da safe ta je makaranta, ta dawo a guje ta cire masa, shi ya sa ya ruga tasa makarantar. Daga baya aka sa gasar tsere wadda kyautar wanda ya zo na uku takalmi ne, shi kuma ya shiga da niyyar ya zo na uku, ba na ɗaya ba. Labarin ke nan, babu bindiga, babu soyayya, babu rawa. Da Farisanci suke magana, amma surukarki ba ta bukatar a fassara mata komai, fuskar yaran nan ta isa.

Uwar Biyu: Malam na gode. Amma fa Hajiya ba ta karanta rubutun nan na ƙasa, kuma idan ba ta jin abin da ake cewa barci take yi.

Malamin Makaranta: Ki gaya mata abin da na rubuta miki a sama kafin a kunna. Sauran za ta gane da kanta. Duk matar da ta taɓa renon yara cikin rashi ba ta yin barci a fim ɗin nan.

Ɗan Fagge: Ko kuma a huta da wahala a saka mata Indiya-Hausa. Fassarar Algaita tana nan birjik. Tsofaffi suna sonta fiye da mu.

Baba Mai Rediyo: Ɗana, tsofaffin da ka sani dai. Mu da muka kalli Indiya a Plaza da Orion da Eldorado ba mu bukaci wani ya yi mana surutu a kan muryar jarumi ba. Mother India na 1957 ne, an yi ta maimaita shi a silimun Kano shekara da shekaru, mutane suna kuka a wurin da ya kamata a yi kuka alhali ba wanda ya iya Indiyanci. Sholay kuwa, 1975, akwai waɗanda suka haddace maganganun mugun fim ɗin ba su san ma'anarsu ba. Wannan fassarar taku ta yanzu, mutum ɗaya ko biyu ne suke yin muryar kowa, wurin baƙin ciki sai ka ji an jefa barkwanci, a sa wa ɗan Mumbai karin maganar 'yan Kwari. Ni ba na iya kallo.

Ɗan Fagge: Baba, Allah ya ja kwana, amma barkwancin nan shi ne kayan. Kuma ku da kuka ce kun gane ba fassara, rabin labarin ku kuka ƙirƙira a hanyar komawa gida.

Baba Mai Rediyo: Ko mun ƙirƙira, namu ya fi naku ma'ana.

Ɗaliba a Samaru: Anti, idan akwai Netflix a gidan, ki duba The Boy Who Harnessed the Wind, na 2019. Labarin gaskiya ne na William Kamkwamba, ɗan Malawi. An kore shi daga makaranta saboda kuɗin makaranta ya gagara, ga fari da yunwa sun sauka a ƙauyensu, sai ya riƙa laɓewa yana shiga ɗakin karatu har ya gano yadda zai haɗa injin da iska ke juyawa ya ba da wuta, da tarkacen bola da keken mahaifinsa, ya tayar da famfo aka yi noman rani. Chiwetel Ejiofor ne ya ba da umarni kuma shi ya fito a uban. Wurin da ya fi taɓa ni shi ne rigimar yaron da uban a kan keken, don shi ne abu na ƙarshe mai daraja da ya rage a gidan. Yara maza suna son sa sosai. Sai dai ki ɓoye keken gidan bayan an gama.

Uwar Biyu: Wannan ya yi mini. Amma jama'a har yanzu ba wanda ya kawo na Hausa. Duk yawan fina-finan da muke da su?

Mai Kyamara: Anti, bari in amsa miki wannan, don a cikin sana'ar nake. Ba wai an rasa masu iya yin fim mai ƙarewa a awa biyu ba ne. Kasuwarsa ce ta mutu. Da can furodusa zai gama fim ya kai Ƙofar Wambai, 'yan kasuwa su buga kaset, daga baya faifan CD, a watsa har Agadas da Kumasi, kuɗi su dawo. Da wayoyi suka yi yawa, masu tura fim suka buɗe shaguna a kowane lungu, fim ɗin da aka kashe miliyoyi sai ka same shi a wayar kowa da kuɗin da bai kai na shayi ba, kuma ko sisi ba ya komawa wurin mai shi. Faifai ya mutu. Silima kuma a Arewa kin san yadda take, ɗakunan kallon ba su da yawa, kuma ba kowane magidanci ne zai bar iyalinsa su je ba. Abin da ya rage shi ne YouTube da tashoshin talabijin. YouTube kuwa da talla yake biya, kuma tallan da ake nuna wa mai kallo a Najeriya ko Nijar kuɗinsa kaɗan ne idan aka gwada da na mai kallo a Saudiyya ko Ingila. To idan ka zuba fim guda ɗaya, an kalla sau ɗaya an wuce. Idan ka yanka labarin ka riƙa saki duk mako, mutum zai dawo maka sau hamsin, ga 'yan kasuwa masu turare da atamfa da maganin gargajiya suna ba ka talla a tsakiya. Wa zai bar wannan ya yi wancan? Shi ya sa kike ganin ana jan labari, a nuna mutum ya fito daga mota, ya rufe ƙofa, ya taka har falo, ya yi sallama, a amsa, a gaisa da kowa ɗaya bayan ɗaya. Mintoci ake tarawa.

Malamin Makaranta: Wannan bayani ya yi, amma bai wanke ku duka ba. Kwana Casa'in ma mai dogon zango ne, kuma zangonsa na farko a 2019 ba a ja shi haka ba, kowane fitowa akwai abin da ya faru. Ana iya yin dogo ba tare da an raina hankalin mai kallo ba.

Mai Kyamara: Malam, wancan tasha ce ta ɗauki nauyinsa, Arewa24, da marubuta a zaune ana biyansu. Ka gwada shi da yaron da ya ci bashi ya yi hayar kyamara ta kwana uku, dole ya fitar da fitowa huɗu daga ciki. Ba ɗaya ba ne.

Ɗan Fagge: To ai an yi manhajojin biya. An buɗe Northflix a 2019, ga kuma manhajar Kallo. Me ya hana ku zuba finafinan kirki a can?

Mai Kyamara: Kai ka taɓa biya?

Ɗan Fagge: Wannan kuma tambaya ce ta daban.

Mai Kyamara: Ita ce tambayar gaba ɗaya, ɗan'uwa.

Mai Unguwa: Jama'a a dawo kan hanya. Baiwar Allah fim ta tambaya, ba taron ƙungiyar furodusoshi ta kira ba. Wanda yake da sunan fim na Hausa ya kawo.

Mai Kyamara: Afuwan ranka ya daɗe. Anti, ki nemi Mati a Zazzau, na 2020, Yaseen Auwal ya ba da umarni, Sadiq Sani Sadiq da Rahama Sadau. Barkwanci ne na ƙauye, ci gaban Mati da Lado, mayaudari ya faɗa garin da ya tarar da waɗanda suka kusa fin shi wayo. Hausar ciki mai daɗi ce, tsohuwa za ta yi dariya. Akwai 'yar waƙa, amma ba irin wadda za ki nemi rimot ba. Idan kuma ana son na sarauta, akwai Mai Martaba na 2024, wanda aka ɗauka a Daura, Adam A. Zango yana ciki. Rigimar gadon sarauta ce a wata masarauta ta ƙirƙira, sarki yana son 'yarsa ta gaje shi. Shi Najeriya ta tura gasar Oscar a shekarar. Akwai faɗa da takubba, ki duba shekarun yaranki.

Ɗaliba a Samaru: Tunda an zo kan sarauta, Amina fa? Yana Netflix tun 2021.

Malamin Makaranta: Ƙanwata, ni Bazazzagi ne, kada ki tayar mini da hawan jini. Sarauniyar Zazzau, 'yar Bakwa Turunku, wadda har yau ake kiran ganuwa da sunanta, a sa ta tana Turanci daga farko har ƙarshe? Fadar da aka nuna ba fadar Hausa ba ce, suturar ba tamu ba ce, har da wani filin da ake haɗa mutane faɗa ana kallo kamar a Rum. Ali Nuhu yana ciki, amma mutum ɗaya ba ya gyara fim. Idan yaro ya kalla zai ɗauka haka kakanninsa suke.

Ɗaliba a Samaru: Malam, ni ban ce littafin tarihi ba ne. Amma ƙawayena 'yan Kudu da ba su taɓa jin sunanta ba sai a sunan ɗakin kwanan ɗalibai, bayan sun kalla sun zo suna tambayata. Wannan ba riba ba ce? Kuma mu da muke da tarihin, me ya hana mu yi namu tun tuni? Izu Ojukwu, wanda ya ba da umarni, ya yi shekaru yana fama da aikin nan, mu muna nan muna fim ɗin kishiya.

Malamin Makaranta: Tambayarki ta biyu na karɓa. Ta farko ban karɓa ba. Wanda aka ba labari gurgu, gyara masa ya fi wuya a kan wanda bai ji komai ba.

'Yar Damagaram: Sannunku 'yan Najeriya. Ina karanta rigimarku ina dariya, don mu ma an yi mana irinta tun kafin a haifi wasunku. Sarraounia, 1986, Med Hondo ɗan Muritaniya ya yi shi daga littafin Abdoulaye Mamani. Labarin Sarauniyar Lugu ne, can wajen Dogon Dutsi, wadda ta tsaya wa rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899, lokacin da suke tafe suna ƙone garuruwa. Ƙasar Hausa ce, Aznan Arewa ne. Amma a Burkina Faso aka ɗauki fim ɗin, kuma Sarauniya ba Hausa take yi a ciki ba, Julanci ne. Duk da haka ni ina cewa a kalla. Ya ci babbar kyautar bikin fina-finan Afirka na FESPACO a Wagadugu a 1987, kuma ban ga fim ɗin da ya nuna haukan sojan mulkin mallaka kamar shi ba. Sai dai ba na yara ba ne, akwai kisa da yawa.

Malamin Makaranta: To kin ga bambancin, Hajiya. Shi ya canza harshe amma ya riƙe tarihin. Namu ya saki duka biyun.

'Yar Damagaram: Wanda kuma yake son jin Hausarmu ta Damagaram tsantsa, akwai Zinder na Aicha Macky, 2021. Ba wasan kwaikwayo ba ne, mutanen gaske ne. Ta shiga unguwar Kara-Kara, wadda asalinta wurin da aka ware kutare ne, ta zauna da samarin da muke kira 'yan fale, masu ɗaga ƙarfe, masu fasa-ƙwaurin mai daga iyakar Najeriya. 'Yar garin ce, shi ya sa suka saki jiki da ita suka faɗi abin da ba za su faɗa wa baƙo ba. Wannan na bayan yara sun kwanta ne, ke da maigida. Na zama da suruka kuwa, Zin'naariya na Rahmatou Keïta, 2016. Wata 'yar gidan sarauta ce ta dawo daga karatu a Faransa da ciwon so a zuciyarta, tana sauraron labaran manyan mata a kan aure. A hankali yake tafiya, amma kayan ado da lalle da gine-ginen da ke ciki kaɗai sun isa kallo. Ana Zabarmanci, ana Hausa, ana Fulatanci.

Baba Mai Rediyo: 'Yata, Allah ya yi miki albarka. Kin tuna mini da abin da ke ci mini rai. Mu ma muna da irin wannan, Shaihu Umar. Adamu Halilu ya yi shi a 1976 daga littafin marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa. Yaron da aka sace daga Kagara, aka bi da shi Sahara har ƙasar Larabawa, ya zama malami, uwarsa kuma ta bi sawunsa tana nema har ita ma ta faɗa hannun masu bauta. Da Hausa aka yi shi, Hausa ta gaske. Fim ɗin ya ɓace shekaru da yawa, sai da aka tono shi a ma'ajiyar hukumar fina-finai ta ƙasa, Jamusawa suka taimaka aka gyara, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Turawa sun zauna sun kalla a can. Ɗan Kano nawa ne ya gani? Yanzu da Ali Nuhu yake shugabancin hukumar tun 2024, abin da nake roƙo ke nan, a kawo shi inda mai waya zai iya kalla, ko da biya ne. Littafin nan mun karanta shi a makaranta.

Mai Kyamara: Baba, wannan roƙon na sa hannu.

Ɗan Fagge: Duk kun bi kun cika wa Anti falo da yaƙi da bauta da yunwa. Hutun ƙarshen mako ne fa. Anti ki saka 3 Idiots kowa ya yi dariya.

Uwar Biyu: Ƙanena, na kalle shi. Akwai wuraren da ba zan iya zama kusa da Hajiya ana nunawa ba, tun daga wasan da ake yi wa sababbin ɗalibai a farko.

Ɗan Fagge: To Dangal. Uba da 'ya'yansa mata da kokawa. 2016.

Malamin Makaranta: Idan Aamir Khan ake so, Taare Zameen Par ya fi dacewa da gidan da ke da yara 'yan makaranta. 2007. Yaro ne da haruffa suke rikice masa, kowa yana ce masa daƙiƙi ko malalaci, uban ya tura shi makarantar kwana don a horar da shi, sai wani malamin zane ya gane lalura ce. Ina koyarwa a firamare, kuma ina gaya muku kusan kowane aji akwai irin yaron nan, bulala kawai yake sha. Na fi son iyaye maza su kalle shi fiye da yaran. Tsawonsa ya haura awa biyu da rabi, a fara da wuri.

Ɗaliba a Samaru: A ƙara da 12th Fail na 2023, ga duk gidan da ke da mai shirin jarrabawa. Yaron ƙauye ne daga Chambal a Indiya, inda malamai da kansu suke rubuta wa ɗalibai amsa a allo. Shekarar da wani ɗan sanda ya hana satar, duk ajin suka faɗi. Shi kuma abin ya tsaya masa a rai, ya bar satar amsa, ya tafi Delhi yana aikin niƙa da share ɗakin karatu yana sake zama jarrabawar shiga manyan ma'aikatan gwamnati har ya samu. Mutumin gaske ne, Manoj Kumar Sharma. Wanda ya san yadda wasu cibiyoyin jarrabawa suke a nan zai ga kamar a garinsu aka ɗauka.

Direban Dare: Ni ban ga wanda ya ambaci Lion of the Desert ba, kuma na yi mamaki. Umar Mukhtar. Malamin allo da ya yi shekara ashirin yana yaƙar Italiya a Libiya har suka kama shi suka rataye shi a 1931. Moustapha Akkad ya yi shi, wanda ya yi Ar-Risala, Anthony Quinn ya fito a malamin. Italiya ta hana nuna shi shekaru da yawa. Maigidanki zai so shi, Hajiya ma za ta so shi, don tsoho ne mai carbi da tabarau yake juya janar-janar. Akwai wanda aka yi wa muryar Larabci. Kusan awa uku ne, kuma akwai wurin sansanin da aka tsare mutane da wurin rataya, ƙananan yara a kai su ɗaki.

Baba Mai Rediyo: Wannan kam fim ne. Wurin da ya hana yaransa kashe fursunan Italiya, shi nake tunawa kullum.

Uwar Biyu: Awa uku kuma sai maganar data da wuta. Talabijin ɗinmu da wayar maigida muke haɗawa.

Direban Dare: Hajiya kada ki kalla kai tsaye, ki sauke tun daren Alhamis. Kusan duk layukan waya suna da garaɓasar dare mai araha, daga sha biyu zuwa asuba. Netflix da kansu sun ce matsakaicin hoto yana cin kusan giga ɗaya a awa, mai kyau sosai kuma har giga uku. Ki shiga saiti ki zaɓi matsakaici kafin ki sauke, in ba haka ba fim ɗaya zai cinye miki datar wata. A YouTube ingancin hoto na 480 ya isa talabijin ɗin falo, a waya 360 ma ya yi. Tun da aka amince da ƙarin kashi 50 na kuɗin kira da data a farkon 2025, ni ban ƙara kallon komai da rana kai tsaye ba. Kuma ki rubuta sunan fim ɗin a wurin bincike na manhajar kafin ki yi wa yara alkawari, don fina-finai suna shiga suna fita, wanda ke nan bara ba lallai yana nan bana ba.

Ɗan Fagge: Ko ta ba yaro ɗari biyu ya je shagon tura fim a cika mata memori.

Mai Kyamara: Ka ga irinta ko? A gabana ma.

Ɗan Fagge: Na Indiya nake nufi, ranka ya daɗe. Aamir Khan ba zai kwana da yunwa ba.

Mai Kyamara: A memorin da za a cika mata, rabin namu ne. Na san shagunan nan.

Maman Gida Jos: Na zo a makare. Ban ga an ce Lionheart ba. Na Genevieve Nnaji, 2018, Netflix ne suka sayi haƙƙin nuna shi. 'Ya mace ce take ƙoƙarin ceto kamfanin motocin mahaifinta a Inugu bayan ya kwanta ciwo, ga bashi, ga baffanta da aka ɗora mata a kai. Abin da zai burge surukarki shi ne ƙarshensa, inda mafita ta zo ta hannun wani Alhaji mai motoci daga Kano, Sani Mu'azu ya fito a Alhajin, Yakubu Mohammed ɗansa. Akwai wurin da tsohon Ibo ya juya harshe ya yi wa Alhaji Hausa, aka ga fuska ta saki. Mu da muke zaune a Jos mun san irin wannan zaman. Awa ɗaya da rabi ne da 'yan mintoci, tsaf yake, ba abin kunya.

Malamin Makaranta: Shi ne wanda aka cire daga Oscar a 2019 saboda Turanci ya yi yawa a ciki. Abin da ya biyo baya ne ya ba ni sha'awa: shekarar da ta biyo, fim ɗin da Najeriya ta tura na Hausa ne, The Milkmaid.

Maman Gida Jos: Na kalle shi, kuma ba zan ce a saka shi ranar hutu da suruka ba. Yana da kyau ƙwarai, a Taraba aka ɗauka, tsaunukan nan kamar ka shiga ciki. Amma labarin 'yan mata biyu ne masu tallan nono da 'yan ta'adda suka sace ana tsakiyar biki. Maryam Booth ta yi wasan da ban taɓa ganin ta yi irinsa ba, har ta ci kyautar fina-finan Afirka ta AMAA da shi a 2020. Wanda abin nan ya taɓa danginsa ya yi tunani kafin ya kunna.

Ɗan Fagge: Hausar wasu daga cikinsu fa sai a hankali.

Mai Kyamara: Hausar Taraba ce da ta mutanen da ba ita ce harshensu na farko ba, kuma haka ake yin ta a inda labarin ya faru. Ba kowa ne ɗan Fagge ba. Ni abin da ya dame ni da fim ɗin daban ne: hukumar tace fina-finai ta ƙasa ta sa an yanke kusan minti 24 kafin ta bari a nuna shi a gida, don haka wanda aka gani a waje ya fi wanda muka gani cika.

Uwar Biyu: Kai jama'a, na gode. Na rubuta guda huɗu: Mati a Zazzau saboda Hajiya, na yaron Malawi saboda yara, Lionheart, sai Umar Mukhtar idan wuta ta yi mana kirki. Malam, na takalmin nan ma zan neme shi.

Malamin Makaranta: Ki fara da na takalmin, Hajiya. Shi ne mafi gajarta, ko an ɗauke wuta kin riga kin gama.

'Yar Damagaram: Ba ko ɗaya daga Nijar? Mun gode, maƙwabta.

Uwar Biyu: Yi haƙuri 'yar'uwa, Zinder na ajiye mana ni da maigida daren Lahadi. Shi ɗan kasuwar mai ne, zai so ya ga yadda ake tsallakawa da jarkoki.

Direban Dare: To a gaya masa ya sauke shi tun Alhamis tare da sauran, garaɓasar daren Asabar kowa yana kanta, ba ta gudu.